Yadda Ake Karanta Ƙuri'ar Jin Ra'ayi Kafin Zaɓe a Ƙasar Ayilan

A gidanmu da ke Jidda babu ko mutum ɗaya mai ƙuri'a a ƙasar Ayilan, amma duk Lahadin da jaridun Dablin, babban birnin ƙasar, suka fitar da sabon sakamakon jin ra'ayin jama'a, sai an baje shi a wajen shan shayi bayan sallar isha'i. Dalili kuwa shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya yi karatun likita a Wad Madani, yana cikin ɗimbin likitocin Sudan da ke aiki a asibitocin wannan ƙasa, kuma tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa mahaifiyarsa ta baro gida ta dawo wajenmu, abin da yake aikowa ne ke riƙe da gida fiye da ɗaya. Gwamnatin da aka kafa a Dablin ita ce ke tsara dokokin takardar zama, da sharuɗɗan kai iyali, da manufar gidaje wadda ta shafi kuɗin hayar da yake biya. Ga shi kuma Ayilan tana cikin ƙasashen Turai uku da suka amince da ƙasar Falasɗinu a ranar 28 ga Mayun 2024, tare da Sifen da Norway, abin da ya sa dattawa da yawa a unguwarmu suka fara kasa kunne idan an ambaci sunanta.

A shekarar 2022 na riga malam masallaci. A lokacin kamfanonin jin ra'ayi suna ba jam'iyyar Sinn Féin wajen kashi 35 cikin 100, ta yi wa sauran fintinkau, sai na dubi babban wana na ce masa, "Yaya, magana ta ƙare, waɗannan su ne za su kafa gwamnati mai zuwa." Ya karɓi maganata saboda aikina lissafin kuɗi ne, ya kuma yaɗa ta a majalisarsu. Da zaɓen ya zo a ranar 29 ga Nuwamban 2024, jam'iyyar ta samu kashi 19 cikin 100, ta kuma ci gaba da zama a ɓangaren adawa. Alƙaluman 2022 ba ƙarya suka yi ba, karatun da na yi musu ne ya karkace, kuma abin ya dame ni ƙwarai domin na sa dattijo ya faɗi abin da bai tabbata ba a gaban sa'o'insa. Tun daga nan na zauna na koyi yadda ake bin waɗannan alƙaluma, kuma abin da na koya ne zan shimfiɗa a nan.

Manyan jam'iyyun uku ne. Fianna Fáil, wadda ake furtawa kamar Fiyana Fol, da Fine Gael, wadda ake furtawa kamar Fina Gel, sun samo asali ne daga ɓangarori biyu na yaƙin basasar 1922 zuwa 1923, kuma sun shafe shekaru da dama suna karɓa-karɓar mulki a matsayin abokan hamayya. A zaɓen Nuwamban 1982 su biyun sun kwashe fiye da kashi 84 cikin 100 na ƙuri'u, amma a 2024 jimlarsu ba ta kai kashi 43 ba, kuma tun 2020 suke cikin gwamnati ɗaya. Ta uku ita ce Sinn Féin, wadda ake furtawa kamar Shin Fen, kuma Mary Lou McDonald ke jagorantarta tun 2018. Bayan su akwai ƙananan jam'iyyu irin su Leba, da Social Democrats, da jam'iyyar masu rajin kare muhalli, da Aontú, sai kuma 'yan takara masu zaman kansu waɗanda ke da ƙarfi a Ayilan fiye da yawancin ƙasashen Turai.

Ka fara da tambayar da aka yi wa mutane

Idan ka ga an rubuta cewa wata jam'iyya tana da kashi 22 cikin 100, abin da ake nufi shi ne mutum 22 cikin kowane 100 da suka bayyana zaɓinsu sun ce ita za su ba lamba ta ɗaya idan da za a yi zaɓe gobe. Wannan "lamba ta ɗaya" ita ce mabuɗin komai, domin a Ayilan ba a dangwala wa mutum guda a tashi. Mai zaɓe yana rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, 3 a gaban na gaba, har zuwa inda ya ga dama. Kowace mazaɓa kuma tana tura wakilai uku ko huɗu ko biyar zuwa majalisar dokoki da ake kira Dáil, wadda a zaɓen 2024 take da kujeru 174 daga mazaɓu 43.

Domin ɗan takara ya ci kujera, sai ya kai wani adadi da ni nake kiransa nisabi, saboda ya yi kama da nisabin zakka ta fuskar cewa iyaka ce sananniya wadda hukunci ke canzawa da zarar an kai ta. Ana fitar da shi ne ta hanyar raba ingantattun ƙuri'u da yawan kujeru haɗe da ɗaya, sannan a ƙara ƙuri'a guda. A ƙaddara mazaɓa mai kujeru huɗu da aka kaɗa ingantattun ƙuri'u 60,000 a cikinta: a raba gida biyar, a samu 12,000, a ƙara ɗaya, nisabi ya zama 12,001. Ke nan a mazaɓa mai kujeru uku nisabi ya ɗan haura kashi 25 cikin 100, a mai huɗu kashi 20, a mai biyar kuwa wajen kashi 16.7.

Daga nan ne gadon ƙuri'a ke farawa. Wanda ya haura nisabi, sai a ɗauki rarar ƙuri'unsa a raba wa waɗanda masu zaɓensa suka ba lamba ta gaba. Idan babu rarar da za a raba, sai a cire wanda ke can ƙasa, a miƙa ƙuri'unsa ga waɗanda aka rubuta a bayansa. Haka za a yi ta zagayawa, wani lokaci fiye da sau goma, har kujeru su cika. Ƙuri'ar jin ra'ayi tana nuna maka farkon wannan doguwar tafiya ne kawai, alhali kujerar ƙarshe a yawancin mazaɓu a hannun masu lamba ta uku da ta huɗu take. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ban san wani tsarin zaɓe da wannan magana ta fi dacewa da shi ba.

Saboda haka kada ka ninka kason jam'iyya da 174 ka ce ka samo kujerunta. Dubi abin da ya faru a 2024: Fianna Fáil ta samu kashi 21.9 na zaɓin farko amma ta tashi da kujeru 48, wato fiye da kashi 27 cikin 100 na majalisa. Fine Gael ta samu kashi 20.8 da kujeru 38, yayin da Sinn Féin, wadda ke bayanta da kashi 19, ta samu kujeru 39. Misalin da ya fi buɗe mini ido shi ne na ƙananan jam'iyyu, inda Leba ta mayar da kashi 4.7 zuwa kujeru 11, Aontú kuwa da kashi 3.9 ta tsira da kujeru 2 kacal. Tazarar da ke tsakaninsu a zaɓin farko ba ta kai maki ɗaya ba, kuma babu kamfanin jin ra'ayin da zai iya rantsuwa a kan irin wannan 'yar tazara, amma ƙuri'un Leba sun taru a mazaɓun da take da sanannun 'yan takara, kuma masu zaɓen wasu jam'iyyu ba sa ƙyashin ba ta lamba ta biyu, alhali na Aontú sun warwatsu a faɗin ƙasa ba tare da isasshen gado ba. Duk lokacin da ka ga kason wata jam'iyya, ka tambayi kanka inda ƙuri'unta suka taru, da kuma waɗanda za su yarda su ba ta lamba ta biyu.

Yawan 'yan takarar da jam'iyya ta tsayar ma yana cikin lissafi. A zaɓen 8 ga Fabrairun 2020 Sinn Féin ta zo ta ɗaya da kashi 24.5, amma 'yan takara 42 kaɗai ta tsayar, domin watanni tara kafin nan ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi da kashi 9.5, sai ta ji tsoron raba ƙuri'unta. Mutum 37 daga cikinsu suka ci, wasu da rara mai yawan gaske wadda babu ɗan jam'iyyarsu na biyu da zai gada, sai ta tafi ga sauran 'yan adawa masu ra'ayin kusa da nata. Fianna Fáil mai kashi 22.2 ta ƙare da kujeru 38.

Ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin labari

Kafin ka karanta babban kanun labari, ka sauka ƙasa ka nemo abubuwa huɗu da kowace jarida mai mutunci take rubutawa, wato kamfanin da ya yi binciken, da ranakun da aka yi shi, da yawan mutanen da aka tambaya, da hanyar da aka bi wajen tambayarsu. Kamfanin Ipsos B&A, wanda ke yi wa jaridar Irish Times aiki, yana tura ma'aikata gida-gida su gana da mutum wajen 1,200 ido da ido. Red C, mai aiki da Business Post, yana tambayar mutum wajen 1,000 ta intanet. Ireland Thinks, mai aiki da Sunday Independent, yana aika tambayoyinsa ta saƙon waya. Idan wani ya turo maka alƙaluma babu sunan kamfani, babu kwanan wata, babu yawan waɗanda aka tambaya, ka ajiye su gefe. Haka nan ƙuri'ar da ake buɗewa a dandalin sada zumunta kowa ya latsa yadda ya so, ba ta cikin abin da muke magana a kai ko da mutum dubu ɗari ne suka latsa.

Mutane da yawa suna mamakin yadda bakin mutum 1,000 zai wakilci ƙasa mai mutum fiye da miliyan 5. Duk wanda ya taɓa sayen dabino da kwali a kasuwar Madina ya san amsar. Ba ya cinye kwalin kafin ya biya, yakan zura hannu ne ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ya matsa, ya ɗanɗana, ya yanke hukunci. Idan kwalin a gauraye yake, tafin hannu ɗaya ya isa shaida, sai dai ko da haka ne akan samu ɗan bambanci tsakanin ɗiba da ɗiba. Wannan bambanci shi ake kira ratar kuskure, kuma ga mutum 1,000 yakan kai maki 3 sama ko ƙasa. Ratar takan ɗan ragu idan kason jam'iyya ƙarami ne, ta yadda jam'iyyar da aka nuna da kashi 21 tana iya kasancewa a ko'ina tsakanin 18.5 da 23.5. Kuma ko wannan ma, lissafin ya ginu ne a kan cewa sau ɗaya cikin 20 sakamakon zai faɗa wajen ratar baki ɗaya.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan aka ba jam'iyyu uku kashi 21 da 20 da 19, kunnen doki suke, duk abin da kanun labari ya ce. Idan jam'iyya ta tashi daga 20 zuwa 21 a wata guda, babu abin da ya tabbata ya motsa. Sannan ka ƙara taka-tsantsan idan aka fara yanka samfurin gunduwa-gunduwa, ana cewa ga ra'ayin matasa, ga na mutanen Dablin, ga na manoma, domin kowane gungu wataƙila mutum 250 ne ko ƙasa da haka, kuma a nan rata ta haura maki 6. Yawancin labaran da ke tayar da hankali daga irin waɗannan ƙananan gungu ake ciro su.

Akwai kuma kuskuren da ratar ba ta auna shi sam, wato kwalin da aka jera manyan dabino a samansa. Wanda ya yarda ya shiga jerin masu amsa tambayoyi ta intanet galibi ya fi maƙwabcinsa bin siyasa, wanda ma'aikaci ya tarar a gida da rana kuma ba lalle ya yi kama da wanda ke wajen aiki ba. Kamfanoni suna gyara wannan ta hanyar daidaita ma'auni, su ƙara wa amsar wasu nauyi su rage wa wasu, har samfurin ya yi daidai da ƙidayar ƙasa ta fuskar shekaru da jinsi da yanki da matsayin tattalin arziki. Kowane kamfani da irin tasa dabarar, shi ya sa kowanne yake da 'yar karkatar da ya saba da ita. An daɗe ana lura cewa binciken ido da ido yakan nuna Fianna Fáil da ɗan ƙarfi fiye da na intanet. Saboda haka idan Red C ya ba wata jam'iyya 18 a wannan mako, Ipsos B&A ya ba ta 21 a mako mai zuwa, kada ka ce ta ƙaru da maki uku, domin mudu biyu ne daban aka yi awo da su.

Dabarar da na ɗauka mai sauƙi ce. Ina da littafi mai layi wanda na ja wa kowane kamfani shafinsa, nakan rubuta kwanan wata da kason manyan jam'iyyu uku da na masu zaman kansu. Ina kwatanta kowane kamfani da sakamakonsa na baya, ba da na wani ba, sannan in ɗauki matsakaicin bincike huɗu ko biyar na baya-bayan nan. Ba na yarda cewa goyon baya ya motsa sai na ga kamfanoni biyu ko uku sun nuna gefe ɗaya a cikin watanni biyu ko uku. Da wannan littafi ne na ga saukar Sinn Féin tun daga ƙarshen 2023, lokacin da batun baƙi da masu neman mafaka ya fara gogayya da matsalar gidaje a bakin jama'a, musamman bayan tarzomar da aka yi a tsakiyar Dablin a ranar 23 ga Nuwamban wannan shekara. Faɗuwar ba a wata guda ta zo ba, amma da aka jera alƙaluman sai ga gangara a fili.

Waɗanda ba a ƙirga ba, da waɗanda ba za su fito ba

Alƙaluman da ake bugawa a kanun labari an riga an cire waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba, kuma waɗannan sukan kai mutum ɗaya cikin biyar. Ka nemi adadinsu a cikin labarin. Idan suna da yawa, duk sauran alƙaluma a kan rairayi suke tsaye. Zaɓen raba gardama na ranar 8 ga Maris 2024, kan sauya abin da tsarin mulki ya ce game da iyali da kuma kula da masu buƙata, ya nuna haka ƙarara. Binciken da aka yi kafin ranar ya nuna masu amincewa a gaba, tare da tarin waɗanda ba su tsayar da ra'ayi ba, amma da aka buɗe akwatuna sai kashi 67.7 suka ƙi gyara na farko, kashi 73.9 suka ƙi na biyu, duk da cewa manyan jam'iyyun uku sun goyi bayan gyare-gyaren.

Sai kuma batun fitowa. A zaɓen 2024 kashi 59.7 ne kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a. Dattawa da masu gidan kansu sun fi matasa da 'yan haya fitowa, kuma tun da ƙarfin Sinn Féin ya fi yawa a cikin matasa, na Fianna Fáil kuma a cikin dattawa, maki ɗaya na Sinn Féin bai yi nauyin maki ɗaya na Fianna Fáil ba a ranar zaɓe.

Kada kuma ka ɗauki awon wani zaɓe ka kai wani. A zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Yunin 2024 Sinn Féin ta samu ƙasa da kashi 12, amma bayan wata biyar da 'yan makonni ta samu 19 a babban zaɓe. Masu zaɓen ma ba duka ɗaya ba ne, domin a na ƙananan hukumomi duk baligin da ke zaune a ƙasar yana iya yin rajista ko ɗan wace ƙasa ne, alhali na majalisar dokoki na 'yan ƙasa ne da 'yan Birtaniya mazauna can. Ɗan ƙanwata ya kaɗa ƙuri'arsa ta farko a wancan zaɓe na Yuni, da na tambaye shi jam'iyyar da ya zaɓa sai ya ce, "Kawu, ni ban duba jam'iyya ba, kansilan da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa sau biyu, ya kuma amsa wasiƙata a kan fitilar titinmu, shi na ba lamba ta ɗaya." Wannan amsa tana ɗauke da abin da alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa iya kamawa. Mai zaɓe a Ayilan yakan bi mutum kafin jam'iyya, shi ya sa gundumar Kerry ta daɗe tana tura 'yan'uwa biyu daga gidan Healy-Rae zuwa majalisa ba tare da tutar kowace jam'iyya ba, kuma shi ya sa kason jam'iyyun da ke da tsofaffin wakilai a mazaɓu yakan ɗan ɗaga da zarar an lika hotuna kuma sunayen 'yan takara sun fito.

Makon ƙarshe

Binciken da aka yi shekara biyu kafin zaɓe yana nuna fushin jama'a ne ko jin daɗinsu da gwamnati a wannan lokaci, kuma a nan ne na yi tuntuɓe a 2022. Wanda aka yi ana saura mako guda ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ka duba ranakun da aka tattara shi, ka kuma tambayi abin da ya faru bayansu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2011 ɗan takara mai zaman kansa Seán Gallagher yana gaba da wajen kashi 40 a ƙarshen makon da ya gabaci zaɓe. Ranar Litinin 24 ga Oktoba aka yi muhawara a gidan talabijin na RTÉ, aka tsare shi da tambayoyi kan tara wa Fianna Fáil kuɗi, ya kasa ba da amsa mai gamsarwa. Ranar Alhamis 27 ga wata Michael D. Higgins ya samu kashi 39.6 na zaɓin farko, Gallagher ya sauko 28.5. Kwana uku suka juya lissafin, kuma babu laifin masu bincike a ciki.

A 2024 Fine Gael ta shiga yaƙin neman zaɓe a gaba, bayan sabon shugabanta Simon Harris ya karɓi ragamar gwamnati a watan Afrilu kuma farin jininsa ya ɗaga jam'iyyar. Ana saura mako guda aka ɗauki hoton bidiyonsa a wani kanti a garin Kanturk da ke gundumar Cork, yana juya wa wata ma'aikaciyar kula da masu buƙata ta musamman baya tana cikin kai kukanta, kuma ya nemi afuwa washegari. Binciken Irish Times da ya biyo baya ya nuna jam'iyyar ta sauko daga 25 zuwa 19. Maki shida sun fi ƙarfin ratar kuskure, saboda haka motsin na gaske ne, amma ni ba na ɗora shi duka a kan wancan hoto, domin wasu kurakurai sun riga sun faru a farkon yaƙin, kuma abin da jam'iyyar ta samu a ƙarshe, wato 20.8, kusan daidai yake da 20.9 da ta samu a 2020. Farin jinin shugaba abu ne da ake aunawa daban, kuma sau da yawa ba ya zama ƙuri'a ga ɗan takarar jam'iyyarsa a mazaɓa mai nisa.

Idan ka gama duk wannan, sai ka koma ga tambayar da ta fi shafar masu 'yan'uwa a can, wato wane ne zai kafa gwamnati. A majalisa mai kujeru 174 ana buƙatar 88, kuma babu jam'iyyar da ke kusa da wannan adadi ita kaɗai. Don haka ka riƙa haɗa kason jam'iyyun da suka yarda su zauna tare, ka kuma saurari abin da shugabanninsu ke faɗi game da wanda ba za su haɗa kai da shi ba. Kafin zaɓen 2024 Micheál Martin na Fianna Fáil da Simon Harris duk sun ce ba za su shiga gwamnati da Sinn Féin ba, kuma masu zaɓensu sun riƙa gadar wa juna ƙuri'a. Wanda ya riƙa bin jimlar waɗannan biyun, wadda ta tsaya a wajen kashi 40 da ɗoriya, ya fi wanda ya zuba ido ga mai zuwa na ɗaya fahimtar inda aka dosa. Ka kuma lura da ƙaramar abokiyar haɗaka, domin ita ce ta saba biyan bashin gwamnati: Leba ta sauko daga kujeru 37 a 2011 zuwa 7 a 2016, masu rajin muhalli kuma daga 12 a 2020 zuwa 1 a 2024.

Ana rufe rumfunan zaɓe da ƙarfe 10 na dare agogon Dablin, wanda a lokacin sanyi ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare a Jidda, kuma a wannan minti ake fitar da binciken bakin rumfa, wanda ake tambayar mutane bayan sun kaɗa ƙuri'a. Shi ne mafi girman samfuri, wajen mutum 5,000, kuma babu matsalar wanda bai yanke shawara ba ko wanda ba zai fito ba. Duk da haka a daren 29 ga Nuwamba, muna zaune ni da Yaya da butar shayi ta biyu, ya ba Sinn Féin 21.1, Fine Gael 21, Fianna Fáil 19.5. Yaya ya dube ni ya ce, "To, ashe maganarka ta dā ce za ta tabbata?" Na ce masa, "Yaya, a yi haƙuri a kwanta, sai an buɗe akwatuna." Jerin ya juye baki ɗaya, wadda aka sa ta uku ita ta zo ta ɗaya, wadda aka sa ta ɗaya ta koma ta uku.

Ƙidaya da hannu ake yin ta, ana farawa ƙarfe 9 na safiyar washegarin zaɓe, wato tsakar rana a nan. Yayin da ma'aikata ke warware takardu, wakilan jam'iyyu suna jingine da shinge riƙe da allo da biro, suna duban kowace takarda suna yi wa mai lamba ta ɗaya alama, akwati bayan akwati. Wannan ƙiyasi nasu, wanda kafofin labarai ke watsawa tun kafin la'asar ɗinmu, ya fi kowane bincike kusa da gaskiya, kuma daga nan sai ka rufe littafin jin ra'ayi. Ka ɗauki mazaɓa ɗaya, ta garin da ɗan'uwanka yake zaune, ka rubuta nisabinta a saman takarda, ka jera 'yan takara da abin da kowa ya samu a zagayen farko, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka kusa nisabi, sannan ka bi waɗanda za a cire daga ƙasa ka ga inda ƙuri'unsu ke tafiya. A 2024 sai daren Litinin aka cike kujerar ƙarshe, Fianna Fáil da Fine Gael suka tashi da 86 a haɗe, saura biyu su kai 88, suka shiga tattaunawa da wasu wakilai masu zaman kansu, kuma ba a zaɓi Micheál Martin a matsayin shugaban gwamnati ba sai ranar 23 ga Janairun 2025, kwana 55 bayan rufe rumfuna.